Huda a Bangon Baba Koyil

Duk wanda ya taɓa koyon aiki a shagon Baba Koyil ya san aiken Baba Koyil, aiken da ba shi da kai ba shi da gindi. Sai ana tsaka da aiki, an gama jera wa babban inji sabbin koyil, bakunan wayoyi sun yi cirko-cirko suna jiran a haɗa su, sai Baba ya goge hannu a tsumma ya ce, "Kai, je ka sayo mini ƙusa. Kai kuma raka shi. Kai ma bi su, kada su ɓace." Ƙusa ɗaya, ƙarti uku. Kafin su dawo an haɗa, an ɗaure, an lulluɓe, Baba yana zaune yana sakace kamar ba shi ba. Ƙusoshin suna nan har yau cike da gwangwanin fenti a ƙarƙashin tebur, bai taɓa buga ko ɗaya ba.

Naɗin koyil, wato dunƙulen wayar da ke cikin inji, shi ne sana'arsa, ita ta ba shi sunan har nasa na gaskiya ya ɓace a layin. In inji ya ƙone, na jan ruwa ne ko na niƙa ko na masaƙa, shi ake kawo wa. Ya fasa shi, ya zare ƙonanniyar waya, ya shimfiɗa takarda a ramukan, ya naɗa sabuwar wayar jan ƙarfe. Duk wannan yana koyarwa, da baki da hannu, har da ranƙwashi kyauta. Abu ɗaya ne ba ya yi a gaban kowa, wato haɗin ƙarshe na manyan injuna masu cin wuta layi uku. Can ran sana'ar yake. Ka haɗa daidai, inji ya tashi yana kuka a hankali. Ka juya baki ɗaya, ya yi gurnani ya turnuƙe da hayaƙi, duk wahalar da aka sha ta tafi a banza.

Mutanen layin sun daɗe da yanke masa hukunci, suka ce rowa ce. Mai walda na kusa da shi yakan ce ranar da Baba zai mutu ma sai ya aiki masu jinya sayen ƙusa, don kada su ga yadda ake yi. Ba rowa ba ce, kuma da rowar ce da abin ya zo da sauƙi.

Shi ma haka aka yi masa. Yana ɗan saurayi aka kai shi wajen wani tsohon mai naɗi da yaran shago ke kira Ƙeya a bayan idonsa, don ƙeyar tasa suka fi sani. Wata rana an aike shi, takaici ya hana shi tafiya, ya zagaya ta bayan shagon yana ƙunƙuni. Sai ya ga 'yar huda a jikin kwano, daidai tsayin idon mutum. Ya kara ido. Ga tebur, ga hannuwan tsohon, ga wayoyi, fes. Daga ranar ya shiga sata da ido ɗaya, in ya koma gida ya zana abin da ya gani a ƙasa da tsinke, ya share da ƙafa. Ranar da zai bar shagon ya durƙusa yana godiya, sai Ƙeya ya dube shi ya ce, "Ka riƙa hutar da idon nan na hagu, ya sha aiki." Saura kaɗan Baba ya kifa. Ashe tsohon ya sani, ashe ma shi ya huda bangon.

Abin da ya tafi da shi daga can ke nan, ya riƙe shi hannu bibbiyu: sana'a ba a ba da ita, sace ta ake yi, aikin maigida kuwa ya bar wa ɓarawo hanya ya yi kamar bai gani ba. Abin da aka ɗura maka da cokali, in ji shi, gobe ka manta, wanda ka sata kana gumi da shi za a binne ka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Da ya buɗe nasa shagon, tun kafin ya kafa tebur ya huda bangon baya. Hudar tana fita ne a wani matsattsen lungu da ake bi in za a yanke hanya zuwa wajen mai ƙusa, dalilin ƙusar ke nan. Ta ciki ya rataya wani tsohon tawul a kanta. In ya sallami yara sai ya ba ɓarawo lokaci, ya sha ruwa, ya gyara zaman fitila, sannan ya miƙa hannu ta baya ya janye tawul ba tare da ya waiwaya ba. Shekarun farko kullum ɗan ɗigon haske ne ke faɗowa ta hudar ya zauna a gefen tebur, alamar babu kowa, ya yi ta aiki ransa a ɓace. Rannan ya janye tawul, ɗigon ya faɗo, can sai ya ɗauke. Ido! Baba ya ji kamar ya yi rawa. Daga lokacin haske bai sake faɗowa ba, duk sa'ad da ya janye tawul hudar baƙi ƙirin. Sai ya juya inji ya fuskanci bango, ya yi aiki a hankali kamar mai ciwon hannu, wani lokaci ya warware ya sake don mai kallo ya gane. Bai taɓa bin lungun ba, bai taɓa kallon hudar kai tsaye ba, don ɓarawon da aka kama ya daina sata. Ko maiɗakinsa bai gaya wa ba.

Yara suka yi ta shiga suna fita. Dogo, babban yaronsa na farko, ya buɗe shago a bakin kasuwa. Wani ya shahara har ana ce masa Mai Fanka. Suna gyara fanka da injin markaɗe da ƙananan injunan ruwa, amma in babban inji ya zo sai su ɗoro shi a amalanke su kawo wa Baba. Shi kuwa ya karɓa yana murmushi a ciki, yana cewa yaran nan akwai kara, suna bar wa tsoho na abinci. Bai taɓa tambayarsu ba. Wa ke tambayar ɓarawo ko ya yi sata?

Inda abin yake masa ciwo wajen Auta ne, ɗansa namiji tilo, wanda ya zo bayan 'yan mata. Auta ya tashi a shagon, kuma hannunsa ya fi na kowa, koyil ɗin da ya naɗa kamar kitso. Shi ma aka riƙa aikensa tare da sauran. A shekarun nan Baba ya fi kowane lokaci jan aiki a gaban hudar, har surutu yake yi shi kaɗai wai da kansa yake. Maiɗakinsa ta taɓa cewa, "Baban Auta, yaron nan fa naka ne. Ka daina haɗa shi da masu sayen ƙusa." Ya ce, "Ke dai ba ki san sana'a ba." Ana nan wata safiya Auta ya ajiye filaya a kan tebur, ya ce zai koyi tuƙin motar kaya. Abin ya soki Baba. A ganinsa yaro ya kwashe komai, ya cika cikinsa, sannan ya zubar a kwata. Tun daga nan gaisuwa ce tsakaninsu, an tashi lafiya, lafiya lau, kowa ya kama gabansa. Yau Auta yana da 'ya'yansa, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

Sai hannu ya fara. Da farko shayi ne ke zuba a riga, ya ce kofin ne ba shi da kyau. Daga baya ya zo zira waya a rami, bakin wayar ya yi ta rawa yana wuce ramin kamar mai tsokana. Ya tsaya yana kallon hannun dama kamar na wani ne aka ara masa. A asibiti aka ce masa ana rage abin, ba a korarsa. Ya ɓoye wa kowa ban da maiɗakinsa, in mutane na nan ya cusa hannun a aljihu. Abin da ya riƙa kwantar masa da hankali shi ne sana'ar ba ta cikin hannun nan kaɗai, ya riga ya raba ta.

Ana cikin haka wani injiniya ya zo shagon, ya cire hular kwanonsa ya gaishe shi da ladabi. Baba ya saba masu irin wannan hula su tsaya daga bakin ƙofa suna toshe hanci saboda warin ƙonanniyar waya, wannan kuwa ya ja kujera ya zauna. Ya ce kamfaninsu ke kula da injunan masana'antu da na ruwan gari, kuma manyan injuna sun taru musu jibge a sito, duk a ƙone.

"Baba, sabo ya yi tsada, kuma kafin ya iso an daɗe. Masu naɗi muke nema ido rufe. Tsofaffin sun mutu, waɗanda suka rage wasu ƙasashe sun kwashe su. Mun yi cigiya har mun gaji, mai fanka da yawa, mai babban inji babu. Aiki ne na dindindin, da asibiti da fansho. Ko mutum goma kuka ba ni yau zan ɗauka."

Baba ya riƙe baki. Sana'ar da ake kai wa yaron da ya kasa karatu, yau ita ake bi gida-gida ana roƙo? Ya gyara zama ya ce, "Ɗana, ka zo inda ake zuwa. Waɗanda suka fita daga ɗakin nan sun fi yatsun hannu da na ƙafa." Suka shirya za a kawo inji ɗaya na gwaji, yaran Baba su naɗa shi daga farko har ƙarshe. Da yamma ya ce wa maiɗakinsa ta gaya wa Auta shi zai ɗauko injin a motarsa, shi zai mayar. Ta dube shi ta gefen ido, ta gane. So yake yaron ya ga injin, hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya dawo gida ta babbar ƙofa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Auta ya kawo injin, ya sauke, ya gaishe da mahaifinsa, ya tafi. Dogo da Mai Fanka da wasu uku suka rufe shagunansu suka zo, dattawa da tumbi da sanƙo, suna ta tsokanar juna da tsofaffin sunaye. Suka fasa, suka share, suka naɗa, aiki kamar a lashe. Baba yana kan kujera hannu a aljihu, yana jin daɗi har cikin ƙashinsa. Ranar da aka gama jera koyil, Auta ya dawo da mota don ɗauka. Bai shigo ba. Ya zauna a dakalin bakin ƙofa ya juya wa shagon baya.

Baba ya ce, "To, bismilla. Wa zai haɗa?"

Dogo ya dubi Mai Fanka, Mai Fanka ya dubi silin.

"Yau babu kunya, babu kara. Na yafe wa kowa. Dogo, kai ne babba, fara."

Dogo ya yi 'yar dariya yana sosa ƙeya. "Baba, ai wannan naku ne."

"Na sani nawa ne. Na ce na yafe. Wanda duk ya leƙa, ya leƙa da izinina."

"Ya leƙa ina, Baba?" in ji Mai Fanka.

Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya yana neman fuskar da za ta yi murmushin mara gaskiya, bai samu ba. Duk kallonsa suke yi kamar ya yi wani yare. Ya tashi ya fizge tawul daga bango, a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Ya nuna da hannun hagu.

"Wannan! Wannan hudar! Wa ke tsayawa a bayanta?"

Fuskar Dogo ta washe, ya dafa ƙirji. "Au, wannan? Baba, ku kwantar da hankalinku, babu wanda ya taɓa ganin komai. Ni na gano ta tun ina yaro. Kun aike mu, na bi ta lungu, na ga huda na kara ido, sai ga ku kuna haɗi. Wallahi na tsorata, na ce wani maƙiyi ne ya huda don ya cuce ku. Ranar da kuka je ɗauko inji a masaƙa na samo gwangwani na buɗe shi, na buga a kai ta waje. Da ƙusoshinku ma na buga, na cikin gwangwanin fenti. Duk yaron da ya zo bayana na ja masa kunne, na ce wanda ya taɓa wurin nan ni da shi ne." Ya ƙara da alfahari, "Ban taɓa gaya muku ba don kada ranku ya ɓaci."

Baba ya fita ta gefen Auta bai ko gan shi ba, ya zagaya, ya shiga lungun da rabonsa da shi tun ranar da ya huda bangon. Ga shi nan kuwa. Gwangwanin madara ne aka baje, ya yi tsatsa har ya zama kalar bangon, an bi gefensa da ƙusa reras, aikin mai tsoron Allah. Wannan ne idon. Wannan ya yi wa aiki a hankali, ya warware ya sake, ya yi wa surutu, tun Dogo bai fara aski ba har ya yi jika. Ya sa farce zai ɓamɓare, hannun ya yi ta kaɗawa a kan ƙarfen yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Innalillahi kawai yake maimaitawa.

Dogo ya biyo shi, alfaharin ya gudu daga fuskarsa. "Baba, ko na yi ba daidai ba ne?"

"Injunan da kuke kawo mini a amalanke fa?"

"Ba mu iya ba ne, Baba. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, ya kama da wuta, na rantse ban ƙara."

"Duk cikinku? Ba ko mutum ɗaya?"

"Ba ko ɗaya."

Sai Baba ya yi tambayar da ta fi ba shi tsoro. "Auta fa?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Auta ya fi kowa saurin dawowa daga aike. Da gudu yake zuwa, da gudu yake dawowa, ya zauna a dakali ya juya baya. Na ce masa wannan gudun na mene ne, ya ce shi ɗa ne, ba zai leƙa kayan ubansa kamar ɓarawo ba, wata rana za ku ce masa shigo. Yana so ranar ta same shi a kusa. Da ya ga shekaru na tafiya sai ya ce mini, Yaya Dogo, tsohon nan bai yarda da ni ba."

Baba ya jingina da bango. Ashe yaron bai zubar da komai a kwata ba, ba a taɓa zuba masa ba. Shekarun da ya yi yana jin haushin ɗansa, ɗan yana can yana jin haushinsa, kuma tsakanin teburin da dakalin ko taku biyar babu. Ya yi kuka, tsoho da shi, a cikin lungu, Dogo yana tsaye bai san inda zai sa kansa ba.

Da ya dawo shagon ya tsaya a gaban injin, ya fiddo hannun dama daga aljihu ya ɗauki filaya. Abin da ya biyo baya ya ƙarasa kashe masa jiki. Suna ganin filaya a hannunsa, dattawan nan biyar suka miƙe tsaye a tare, kowa yana laluben takalminsa. Ba wanda ya ce su tashi, jikinsu ne ya saba. Mai Fanka har ya kai bakin ƙofa.

"Ku zauna!" Baba ya daka musu tsawa, muryarsa ta fashe. "Don Allah ku zauna. Babu ƙusa yau."

Suka zauna a tsorace. Ya kai filaya bakin waya, filayar ta yi ta rawa, ta kama iska, ta kuskure, ta sake kuskurewa, ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Sai a lokacin suka ga hannun.

Ƙarar faɗuwar ce ta sa Auta ya ɗan juyo da kai daga dakali, amma bai waiwayo duka ba. Baba ya dubi bayan nan da ya sani tun yana ɗan siriri, yanzu ya yi faɗi, rigar ta jiƙe da gumin tuƙi.

"Auta."

"Na'am, Baba. An gama ne in matso da mota?"

"Shigo."

Auta ya juyo gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallon mahaifinsa, ya dubi hudar da ke bango ba tawul, ya dubi filaya a ƙasa, sannan idonsa ya sauka a kan hannun da ke kaɗawa shi kaɗai a gefen riga. Fuskarsa ta canza.

"Yanzu, Baba?" ya ce a hankali. "Sai yanzu?"

"Sai yanzu. Ba ni da hannu, kai kake da shi. Abin da ya rage mini baki ne, shi ma ban taɓa gwada shi a kan wannan aikin ba."

Auta ya ci gaba da zama a dakalin har Mai Fanka ya fara gyaran murya. Sannan ya ciro makullin mota daga aljihu ya ajiye a inda yake zaune, ya tako ya shigo, ya sunkuya ya ɗauki filayar ya goge ta a wandonsa. Ya tsaya a gefen teburin da bai taɓa tsayawa ba.

"Wacce zan fara kamawa?"

Baba ya ɗaga yatsa zai nuna, yatsan ya yi ta yawo a kan wayoyi uku. Auta ya kama wuyan hannun ya riƙe shi gam har ya tsaya a kan ɗaya.